Wa ya auna rafukan dajin arewacin Alaska, kuma har ina za a gaskata taswirarsu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin labarin ƙasa ne. Na ci karo da wata taswira ta tsaunukan Brooks da ke arewacin Alaska, yankin da aka ce babu titi kuma babu gari, amma sai na ga an zana kowane tudu da kowane kwari, ga kuma rafuka birjik, wasu har da sunayensu. Wa ya shiga wannan daji ya auna su, da wane kayan aiki, kuma idan mutum ya riƙe irin wannan taswira zai iya dogara da ita?

Amsa: Akasarin rafukan da ka gani a takardar nan babu wani safiyo da ya taɓa tsayawa a bakinsu da kayan awo. Daga hotunan da jirgin sama ya ɗauka aka zana su, a cikin ofishin da ke nesa da wurin da dubban kilomitoci, kuma sau da yawa wanda ya ja layin bai taɓa taka Alaska ba. Wannan bai sa taswirar ta zama ta banza ba, sai dai yana nufin abubuwan da ke cikinta ba darajarsu ɗaya ba. Siffar tsaunuka da kwaruruka abin dogaro ce ƙwarai, domin dutse ba ya tashi daga inda yake a tsawon rayuwar mutum. Shi kuwa shuɗin layin da ke nuna rafi shaida ce kawai ta inda ruwa yake a ranar da aka ɗauki hoton, kuma a wannan yanki ruwa yana sauya hanya fiye da yadda mai zaune a gida zai zata.

Sai ka fara kwatanta girman wurin a ranka kafin ka ga dalilin da ya sa aikin ya ɗauki fiye da shekara ɗari. Faɗin Alaska ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.7, wato ya kusa ninka Najeriya sau biyu. Jerin tsaunukan Brooks ya miƙe kimanin kilomita 1,100, tun daga yammacin Alaska har cikin yankin Yukon na ƙasar Kanada. Gandun dajin Gates of the Arctic kaɗai, wanda aka kafa a 1980 a tsakiyar tsaunukan, ya kai kimanin murabba'in kilomita 34,000, kuma a cikinsa babu titin mota, babu ko turbar ƙafa da hukuma ta share. Titi ɗaya ne ya ratsa tsaunukan gaba ɗaya, shi ne titin Dalton da aka gina a 1974 saboda bututun man fetur. Lokacin da mai awo zai iya aiki a fili kuwa bai wuce daga Yuni zuwa Agusta ba, kuma ko a cikin waɗannan watanni hazo da gajimare sukan rufe ƙololuwar duwatsu kwana da kwanaki.

Tun da ka ce kai ɗalibin fannin ne, ba sai na tsaya dogon bayani a kan layukan tsayi ba, wato layukan nan masu ruwan ƙasa-ƙasa da ke haɗa wuraren da tsayinsu daga teku yake daidai. Abu ɗaya zan tuna maka saboda zai yi mana amfani nan gaba: duk inda layin tsayi ya tsallaka rafi, yakan lanƙwasa ya yi tsini, kuma tsinin yana nuna inda ruwan ya fito. Saboda haka ko an goge shuɗin layi daga taswira, mai ido zai iya gano kwarin da ruwa ke bi daga siffar layukan tsayi kaɗai.

Waɗanda suka fara sanin rafukan nan ɗaya bayan ɗaya su ne mutanen ƙasar, irin su Iñupiat da Gwich'in da Koyukon, waɗanda suke farauta da kamun kifi a cikinsu tun kaka da kakanni, kuma Turawan farko da su suka dogara. Akwai misali mai kyau daga kudancin yankin. A 1869 wani sarkin Tlingit mai suna Kohklux, tare da matansa biyu, ya zana wa masanin awo George Davidson hanyar fatauci daga garinsu Klukwan har zuwa Fort Selkirk a bakin kogin Yukon, da koguna da tafkuna da sunayensu, duk daga ka. Bayan wannan ne sojoji da ma'aikatan gwamnati suka shigo. A 1885 Laftanar Henry Allen ya bi kogunan Copper da Tanana da Koyukuk, tafiyar kimanin mil 1,500 a kaka ɗaya. A 1901 kuma Frank Schrader da W. J. Peters, ma'aikatan Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka da aka fi sani da USGS, suka hau kogin John, suka ƙetare tsaunukan ta mashigin Anaktuvuk, suka gangara har tekun Arctic. Sunan tsaunukan ma daga wannan hukuma ya fito, domin Alfred Brooks shi ne ya shugabanci aikinta a Alaska daga 1903 har rasuwarsa a 1924.

Kayan aikinsu kaɗan ne: kamfas, da allon zane da ake kafawa a kan ƙafa uku a saitar da shi, da ƙaramin madubin hange da ake ɗorawa a kan allon a ja layi zuwa ƙololuwar wani dutse, da ma'aunin nauyin iska don kimanta tsayi. Idan mai awo ya hangi dutse ɗaya daga tasha biyu da ya san nisan da ke tsakaninsu, inda layukan biyu suka gamu a kan takarda nan ne matsayin dutsen. Dabarar tana da inganci, amma abin da ido ya hango kawai take kamawa. Shi kuwa ma'aunin nauyin iska, sauyin yanayi kaɗai yana iya sa ya yi kuskuren gomman mitoci alhali mutum bai gusa daga inda yake ba. Taswirorin wancan zamani sai suka fito kamar zare: siririn yanki sananne a gefen kogin da aka bi, dama da hagu kuwa farar takarda, ko ɗige-ɗigen layi da ke nufin an ga bakin rafi inda ya faɗa kogi, aka kintaci sauran.

Zinariya ce ta sa aka auna wasu rafukan da tsanaki tun kafin saura. Bayan an gano ta a watan Agustan 1896 a wani rafi da ake kira Rabbit, wanda nan take aka sauya masa suna zuwa Bonanza, a yankin Klondike na Kanada, doka ta ba kowane mahaƙi fili mai tsawon ƙafa 500 a bin kwarin rafin. Mutane suka yi ta kafa turaku da awon gaggawa, rigima ta kaure, sai da safiyon gwamnati William Ogilvie ya zo ya sake auna filayen ɗaya bayan ɗaya, inda ya tarar wasu sun zarce abin da doka ta ba su, aka yanke rarar. Irin wannan ne ya haifar da abin da har yau kake gani a taswirorin arewa: rafin da aka taɓa samun zinariya a cikinsa yana da suna, 'ya'yan rafinsa ma kowanne da nasa, amma maƙwabcinsa da ya fi shi girma a bayan tudu yana nan ba suna.

A tsakiyar tsaunukan Brooks, sunaye da dama da za ka gani sun samo asali daga Robert Marshall, masanin gandun daji da ya fara zuwa ƙauyen Wiseman a 1929, ya dawo ya zauna daga 1930 zuwa 1931. Da kamfas da ƙafarsa da taimakon maharba da mahaƙan yankin ya zana rassan arewacin kogin Koyukuk, kuma USGS ta buga taswirarsa a 1934. Shi ne ya ga duwatsu biyu suna fuskantar juna a kan reshen arewa na kogin ya kira su ƙofofin Arctic, sunan da gandun dajin ya gada, kuma rafin Ernie sunan abokin tafiyarsa ne, Ernie Johnson. Aikinsa a kan yadda rafuka suke haɗuwa da juna ya yi kyau matuƙa idan aka dubi kayan da yake da su. A wajen tsayi ne ya sha ƙasa: ya ɗauka dutsen Doonerak ya haura ƙafa 10,000, alhali tsayinsa ƙafa 7,457 ne. Ba na kawo wannan don rage masa daraja ba. Dutse mai tsini da ya tashi kai tsaye daga kwari mai zurfi yakan yaudari ido, kuma mutumin da ba shi da tabbataccen tsayin wurin da yake tsaye ba shi da abin da zai gyara kuskuren da shi.

Taswirar da ke hannunka, idan tsohuwar bugawa ce, kusan tabbas 'yar zamanin hoton sama ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi amfani da wata dabara ta ɗaura kyamara uku a jirgi, ɗaya tana kallon ƙasa kai tsaye, biyu suna kallon gefe da gefe har zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa, don a rufe fili mai yawa cikin hanzari. Bayan yaƙin aka koma ɗaukar hotuna masu kallon ƙasa sak, jirgi yana tafiya a layi, kowane hoto yana maimaita kimanin kashi 60 cikin ɗari na wanda ya gabace shi. Amfanin maimaicin shi ne a sami wuri ɗaya a hoto biyu daga kusurwa biyu. Idan aka saka hotunan a na'urar da ke nuna wa idon dama ɗaya, idon hagu ɗaya, sai ƙasar ta taso a gaban mai zane da tudunta da kwarinta, kamar yana shawagi a kanta. A cikin na'urar akwai ɗan ɗigo da ake iya ɗagawa ko saukarwa. Mai zane zai kafa shi a wani tsayi, ya riƙa jan sa yana manne da jikin tudun, fensir kuma yana bin motsin hannunsa a kan takarda. Haka aka ja layukan tsayin Alaska, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Daga wannan aiki aka fitar da jeri biyu: na ma'aunin 1:250,000, da na 1:63,360 wanda inci ɗaya a cikinsa yake daidai da mil ɗaya a ƙasa, kuma a yankin duwatsu tazarar layukan tsayinsa ƙafa 100 ce, kimanin mita 30.

Hoto shi kaɗai bai san inda yake a doron ƙasa ba. Dole a sami wasu wurare da aka auna matsayinsu da tsayinsu a fili, waɗanda kuma ake iya ganewa a cikin hoton, a ɗaure shi da su. A nan ne raunin taswirorin arewa yake. Ko bayan da jirgi mai saukar ungulu ya sauƙaƙa kai masu awo kan duwatsu a shekarun 1950, tashoshin da aka auna sun yi nisa da juna ƙwarai, sai aka riƙa miƙa lissafi daga hoto zuwa hoto a tsakaninsu, kuskure yana taruwa a hankali. Ga kuma dusar ƙanƙara, wadda idan ta rufe gangare fari fat ido ba ya samun abin da zai kama ya ga zurfi, ga inuwar duwatsu mai tsawo saboda rana ba ta hawa sama sosai a can. Ƙa'idar Amurka ta 1947 ta ce a irin wannan ma'auni kashi 90 cikin ɗari na wuraren da ake iya tantancewa kada su kauce fiye da kashi ɗaya cikin hamsin na inci a kan takarda, wato kimanin mita 32 a ƙasa, tsayi kuma kada ya kauce fiye da rabin tazarar layuka. Da yawa daga cikin takardun Alaska ba su cika wannan sharaɗi ba. Har tambayar wane dutse ne ya fi tsayi a tsaunukan Brooks ta daɗe ba amsa, domin wata taswirar USGS ta ba dutsen Isto ƙafa 9,050, wata kuma ta ba shi 8,975, Chamberlin kuwa yana da 9,020 a tsakaninsu. Sai da aka sake awo a 2014, aka wallafa sakamakon a 2016, sannan ta tabbata Isto ne kan gaba da kimanin mita 2,736, Chamberlin ma na uku ne, bayan Hubley.

Yanzu mu zo kan rafukan kansu, inda na fi so ka tsaya ka yi nazari. Mai zane yana kallon hoto baƙi da fari da aka ɗauka daga nisan kilomitoci a sama. Babban kogi a fili yake. Ƙaramin rafi kuwa sau da yawa ba a ganin ruwansa sam, sai dai a ga duhun bishiyoyin da suka bi bakinsa, ko a ga kwarin da ya kamata a ce ruwa yana bi. Shi ne zai yanke hukunci a kan inda rafin ya fara, da ko mai gudu ne duk kaka a ja masa cikakken layi, ko mai ƙafewa ne a ja masa tsinkakke. A wuraren da mutane ke zaune akan tura ma'aikaci ya je ya duba ya gyara, amma a dajin arewa ba kasafai aka yi hakan ba. Shi ya sa idan ka jera takardu biyu maƙwabta, wani lokaci za ka ga ɗaya cike da rafuka ɗayar kuma ƙalilan, alhali ƙasar iri ɗaya ce. Bambancin na masu zane ne, ko na shekarar da aka ɗauki hoto. Wanda ya san koramun ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba, domin hoton da aka ɗauka a watan Agusta da wanda aka ɗauka a watan Maris ba za su ba mai zane rafuka iri ɗaya ba. Ka kuma lura da kaurin layin kansa. Layin da kaurinsa bai wuce kashi biyu cikin goma na milimita ba, a ma'aunin 1:63,360 yana rufe kusan mita 13 a ƙasa, saboda haka rafin da yaro zai tsallake da wanda zai tafi da babban mutum duk layi ɗaya ne a takarda.

An daɗe kafin a sabunta wannan aiki, kuma wani abin da ya faru a shekarar 2000 ya ƙara bayyana giɓin. A watan Fabrairun shekarar kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tsayin doron ƙasa da rada, amma iyakar abin da ya rufe shi ne daga digiri 60 arewa zuwa digiri 56 kudu. Birnin Anchorage yana kan digiri 61. Ka ga ke nan Kano da Damagaram sun sami sabon awon tsayi daga wannan tafiya, mafi yawan Alaska kuwa ba ta samu ba, ta ci gaba da dogara da lissafin da aka ciro daga tsofaffin layukan hannu. Daga 2010 zuwa 2020 ne gwamnatin jihar da ta tarayya suka haɗa kuɗi aka auna jihar baki ɗaya da rada mai eriya biyu da ake ɗaurawa a jirgin sama. An zaɓi rada ne saboda tana ratsa gajimare kuma ba ta buƙatar hasken rana. Abin da ta bayar shi ne tsayin ƙasa a kowane murabba'i mai mita 5 a kowane gefe, kuma a kansa aka gina sababbin taswirori sama da 11,000 a ma'aunin 1:25,000, waɗanda aka fara fitarwa a 2013. A gefe guda kuma akwai wani awon tsayin ƙasa mai suna ArcticDEM, wanda wata cibiya a Jami'ar Minnesota ta haɗa daga hotunan tauraron ɗan'adam bibbiyu, mai murabba'in mita 2, kuma kowa yana iya sauke shi daga intanet kyauta.

Sabon awo ma yana da tarkonsa, kuma dutsen Denali da ke kudu da tsaunukan Brooks, wanda ake kuma kira McKinley, ya nuna haka. Tun shekarun 1950 ake ba shi ƙafa 20,320. A 2013 aka sanar cewa radar ta nuna 20,237, jaridu suka yi ta yaɗa cewa dutsen ya rage tsayi. Gaskiyar ita ce rada tana ba da matsakaicin tsayin ɗan fili ne, ba tsinin ƙololuwa ba. Da masu awo suka hau da na'urar GPS a 2015 sai suka sami ƙafa 20,310, wato mita 6,190, ƙafa goma kacal ƙasa da tsohon adadin.

Rafukan sababbin taswirori da yawa kwamfuta ce ke fara fitar da su daga wannan awon tsayi. Dabarar mai sauƙi ce: a kowane murabba'i ana duba maƙwabtansa takwas, a ɗauka ruwa zai gangara zuwa wanda ya fi ƙasa, sannan a ƙirga murabba'i nawa ne ke zuba ruwansu ta kowane wuri, inda adadin ya haura wani mizani da mai aikin ya zaɓa, sai a ce nan rafi ya fara. A cikin duwatsu wannan yana aiki da kyau ƙwarai, domin gangare ba ya barin shakka. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa, irin filayen Yukon ko filin da ya miƙe daga gindin tsaunukan Brooks zuwa teku, inda ƙasa kan yi kilomita guda ba ta sauka mita ɗaya ba, ɗan kuskuren awo ya isa ya karkatar da rafin kwamfuta zuwa inda ba ruwa. Abin da ya fi ban haushi shi ne bishiyoyin da suka yi kauri a bakin rafi suna iya mayar da siginar rada daga samansu, sai wurin da ya fi ko'ina zurfi ya fito kamar ɗan tudu. Don haka har gobe sai mutum ya zauna ya gwada layukan da hoto ya gyara, kuma mizanin da aka zaɓa na inda rafi ya fara hukuncin mutum ne kamar yadda yake a zamanin fensir.

Ko da a ce an zana komai daidai, ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Kogunan da ke fitowa daga duwatsu suna ɗauke da tsakuwa mai yawa, sai su bazu a kwari mai faɗi su rarrabu kamar kitso, kuma ambaliya ɗaya tana iya toshe wannan reshe ta buɗe wancan. A irin wannan wuri abin da taswira ke iya gaya maka da gaskiya shi ne iyakar kwarin tsakuwar, ba reshen da ruwa yake bi bana ba. A lokacin sanyi kuma ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa yakan malala a kan ƙanƙara ya daskare, wani ya sake hawa kansa ya daskare, har a sami faifan ƙanƙara mai kaurin mitoci da ke kai tsakiyar lokacin zafi bai narke ba, yana tilasta wa rafi ya kewaye shi. Ƙarƙashin ƙasar yankin a daskare yake shekara da shekaru, ɗan saman ne kawai ke narkewa. Wannan yana hana ruwan sama nutsewa, shi ya sa rafi kan cika cikin 'yan sa'o'i bayan an yi ruwa. Inda ƙanƙarar cikin ƙasa ta narke kuma ƙasa takan rufta, a sami jerin ƙananan kududdufai da siririn ruwa ya haɗa su kamar carbi, ko tafki ya sami mafita ya tsiyaye gaba ɗaya ya bar shuɗin tabo a taswira inda yanzu ciyawa ce.

Misalin da ya fi kowanne girma ya faru a yankin Yukon a 2016. Ruwan da ke narkewa daga babban kogin ƙanƙara na Kaskawulsh, wato tarin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali cikin kwari, ya daɗe yana bin kogin Slims zuwa tafkin Kluane, daga nan ya shiga kogin Yukon ya ƙare a tekun Bering. Da ƙanƙarar ta ja da baya, ruwan ya huda wata sabuwar hanya ta cikinta a ƙarshen watan Mayu, cikin 'yan kwanaki akasarinsa ya juya kudu ta kogin Alsek zuwa tekun Pasifik. Kogin Slims ya koma ɗan tsiririn ruwa a cikin filin ƙura, tafkin Kluane ya ja baya. Duk taswirar da aka buga kafin wannan shekara tana nuna babban kogi a wurin, kuma babu wadda ta yi ƙarya a ranar da aka buga ta.

Idan ka riƙi takardar, ka fara karanta gefenta kafin tsakiyarta. A ƙasan tsofaffin taswirorin USGS ana rubuta shekarar da aka ɗauki hotunan sama, da ko an je fili an tantance, kuma wannan shekarar ce shekarun rafukan, ba shekarar da aka sake buga takardar ba. Sai ka duba tushen awon da aka gina ta a kai, wato tsarin da ake lissafa lambobin matsayin wuri da shi. Tsofaffin suna kan tsarin 1927, na'urar GPS kuwa tana kan tsarin WGS 84 idan ba ka sauya mata ba, kuma a Alaska bambancin da ke tsakaninsu yana kaiwa mita ɗari zuwa sama da ɗari biyu, wanda ya isa ya ajiye ka a ɗaya gefen rafi. Masu awo a Najeriya sun san irin wannan ciwon kai, domin tsofaffin taswirorinmu a kan tushen Minna suke, kuma na sha ganin ɗalibi ya ɗora lambobin wayarsa a kansu yana mamakin yadda rijiya ta koma tsakiyar gona. Na uku shi ne karkatar allurar kamfas. A nan gida allurar ba ta kauce wa arewa ta gaskiya sai da ɗan kaɗan, har mutum ya manta da zancen, amma a tsakiyar Alaska ta kusa digiri 30 gabas a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, yanzu kuma ta sauko ƙasa da 20 saboda arewar maganaɗisu tana gusawa wajen Saiberiya. Wanda ya yi aiki da adadin da aka buga a tsohuwar takarda, kuskuren digiri 10 zai kautar da shi kimanin mita 175 a kowace kilomita.

Sunaye ma sai an yi hattara da su. Mahaƙan zinariya ba su wahalar da kansu wajen raɗin suna ba, don haka rafukan da ake kira Bear ko Moose ko Willow suna da yawa a jihar, kuma faɗin sunan kaɗai ba ya isa a gane wanne ake nufi sai an haɗa da kogin da yake faɗawa. A ɗaya ɓangaren, rafin da taswira ta bari ba suna sau da yawa yana da suna a bakin mutanen ƙasar, kuma sunan yakan ɗauki bayanin da layi ba ya ɗauka. Anaktuvuk, alal misali, yana nufin wurin kashin karibu, wato barewar arewa, kuma hakan yana gaya wa maharbi cewa nan ce hanyar da garkunan ke bi. Simon Paneak, wani dattijon al'ummar Nunamiut na ƙauyen da ke mashigin Anaktuvuk, wanda gidan tarihin garin ke ɗauke da sunansa, ya zana taswirori da hannunsa na ƙasar farautarsu da sunayenta, masana kuma sun amfana da su.

Game da dogaro kuwa, ga yadda nake raba abin. Layukan tsayi, da jerin kwaruruka, da mashigin da ke tsakanin duwatsu, da tsarin wane rafi ke faɗawa wanne a cikin tsaunuka, ina karɓarsu ko daga tsohuwar takarda, tare da tuna cewa gangaren da bai kai mita 30 ba yana iya ɓuya tsakanin layi biyu, kuma irin wannan ya isa ya tare mai tafiya a cikin kwazazzabo. Matsayin reshen kogi a kwarin tsakuwa, da tafkunan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da bakin kogin ƙanƙara, waɗannan sai na gwada su da hoton tauraron ɗan'adam na shekarar nan ko ta bara. Zurfin ruwa da ƙarfinsa kuwa babu taswirar da ke ɗauke da su, tsohuwa ko sabuwa. Rafin da ƙanƙara ke ciyarwa yakan yi ƙasa da asuba ya cika da yamma bayan rana ta yi aikinta, don haka maƙetarar da ta kai gwiwa da ƙarfe shida na safe tana iya kai ƙugu da la'asar. Matuƙan ƙananan jiragen da ke sauke matafiya a kan tsakuwar kogunan nan sukan zagaya wurin su duba da idonsu kafin su sauka, ko da sun sauka a nan ɗin a kakar da ta wuce.